Maiƙon Gwiwar Liman

"Shanye, Malam, kada ya daskare."

Matarsa Hure ta tsaya a kansa riƙe da ludayi, kuma duk wanda ya san Hure ya san ba za ta gusa ba sai ta ga gindin kwano. Malam Abdussalam, limamin Kanya Biyu, ya dubi kokon da ke gabansa. Narkakken man shanu ya rufe samansa ruf. Da can yana jin daɗin abin, yanzu kuwa ƙamshin kaɗai tayar masa da zuciya yake yi. Ya runtse ido ya kafa kai. A bakin ƙofa jikokinsa huɗu sun jeru da nasu kokon tsararo, sun daina sha, suna kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka.

"Ki ɗan ɗiga wa yaran nan mana," in ji shi bayan ya sauke kwanon.

"Su gwiwarsu lafiya lau. Miƙo ƙafar."

Ya janye wando ya miƙe ƙafafu a kan tabarma. Gwiwoyin sun kumbura sun yi suntum. Ta lakato man kaɗe ta shiga murzawa da ƙarfin macen da ta tsufa tana matsar man gyaɗa, shi kuma ya cije leɓe. Da ta ɗan lanƙwasa ta daman, sai suka ji ƙarar nan da suka saba ji, ƙurus-ƙurus, kamar an tauna tsakuwa a tuwo.

"Ka ji ko? Bai gama ratsawa ba, da saura."

A faɗi gaskiya, ba laifin Hure ba ne. Bara war haka, da ciwon ya matsa, wani mai kemis a bakin kasuwa ya latsa gwiwar ya ce maiƙon cikinta ne ya ƙare. Malam ya dawo ya faɗa mata, ita kuwa ta ce in dai maiƙo ne, ai an zo wurin. Amalanke in ta fara kuka mai ake ɗura mata, injin niƙa ma haka, to ɗan Adam ne zai gagara? Tun daga ranar ta ɗaura ɗamara. Man shanu a koko, man gyaɗa a tuwo, ranar kasuwa a sayo ƙashi a dafa a fasa masa ɓargo, in an yi yanka a gidan suna ta aika a roƙo mata kitse. Wannan fa a shekarar da ake auna wa mutane mai da cokali. Ta sayar da akuyarta, ta bi da 'ya'yan akuyar, ta bi da kwanukan da ta adana tun na aurenta. Miyar gidan ta koma kuka da ruwa da gishiri. Yara suka yi furu-furu, uwarsu Barira ta rame har zani ba ya zama a ƙugunta. Mijinta Hadi, ɗan Malam namiji ɗaya tilo, ya tafi kudu neman abin yi, tun ana samun wayarsa har aka daina.

Shi kuwa Malam sai ya yi ƙiba. Abin kunya ba ya wuce wannan: gari kowa wuyansa ya yi tsawo, liman yana ajiye tumbi, kumatu na sheƙi. Ya san ana magana. Ba a yi a gabansa, amma yana ganin yadda ake kallon gaban rigarsa in ya juyo bayan sallama. Gwiwa kuma ko gezau, sai ma abin da ya ci gaba.

Da ciwon ne kaɗai da ya haƙura, wa ya tsufa bai ji a jikinsa ba? Gona ce damuwarsa. A Kanya Biyu ƙasa ta yi wa mutane kaɗan tun tuni. Gado ya yanka gonaki, ya sake yankawa, har abin da Malam ya samu daga mahaifinsa bai fi wurin shanyar barkono ba. Da gonar liman gidansa yake ci. Babbar gona ce a bayan masallaci da kakanni suka ware, jama'a ke kai mata taki a kan jakuna, su yi gayya su nome ta. Al'adarta kuma ba ta da kwana-kwana: wanda ya tsaya gaban sahu ranar da aka fara girbi, amfanin nasa ne. Ba a duba wanda ya ja sallah da bazara ko da shuka. Magabata sun yi haka ne don kada a yi ta ja-in-ja idan liman ya rasu ko ya sauka, kuma ba a taɓa karya ta ba. Bana gero ya yi kyau a gonar, ya fid da kai, yara har sun fara satar tumu. 'Yan makonni suka rage. Hukuncin kuwa Malam ya fi kowa saninsa, don da bakinsa ya karantar da shi a zaure shekara da shekaru: wanda ba ya iya tsayuwa ba ya jan masu tsayuwa.

Ya daɗe yana dabara. Ya rage tsawon surori. Ya sa an matsar da buzunsa jikin bango, wai saboda yoyo, don ya samu abin dafawa. In ya kai goshi ƙasa kuwa sai ya daɗe yana tattaro ƙarfin tashi, yana roƙon Allah ya ara masa ƙafa ta raka'a ɗaya tak. Mutanen gari suka ɗauka tsoron Allah ne ya ƙaru. Har wani tsoho ya tare shi ya ce, "Malam, doguwar sujadar nan taka tana ratsa ni." Malam ya ce Allah ya karɓa, ya shige gida yana jin kansa kamar ɓarawo.

Aka yi sallama daga zaure. Dabo ne, ladanin masallacin, ɗan ƙanwar mahaifin Malam, wato taubashinsa. Ba wanda ya kai shi iya tsokanar Liman, kuma in ka cire Hure, shi kaɗai ya san gaskiyar doguwar sujada. Shi ya matsa lallai a je asibiti a Ɗambatta yau.

"Na Hure, an gama kiwon?" in ji Dabo da ya ga Malam ya fito yana dogara sanda. "Ni dai na ce wa ɗan acaɓa ya ƙara wa taya iska."

"Bawa dai ba ya rasa surutu. Allah ya shirye ka."

Dabo ya leƙa waje, ya dawo ya rage murya. "Sandar nan fa? Akwai mutane a gindin dalbejiya."

Malam ya jingine sandar a bayan ƙyaure. Ya gyara rawani, ya fita da ƙafarsa yana amsa gaisuwa da murmushi, kowane taku kamar ana soka masa tsinke.

Hanyar zuwa bakin titi siririya ce, don manoma sun cinye ta dama da hagu, kowa ya ƙara kunya ɗaya a tasa gonar. Gero da dawa suna dukan gwiwar mutum a kan babur. Yawancinsu sun yi rawaya, ba su ga takin zamani ba bana, wa yake da halinsa? A bakin titi suka samu bas. Kafin Malam ya ɗaga ƙafa ya shiga sai da Dabo ya tura shi ta baya, kwandasta yana cewa, "Alhaji, a yi a hankali, motar ma ba ta karya ba." Mutane suka yi 'yar dariya. Malam bai taɓa zuwa Makka ba, tumbin ne ya ba shi Alhajin.

A asibiti suka tarar da benci cike. Mata ne da yara masu siraran ƙafafu, da tsofaffi masu tari. Malam ya zauna a tsakiyarsu yana ta jan riga yana rufe ciki. Sai da rana ta take kafin aka tada janareta aka ɗauki hoton gwiwar, sannan aka kira su ɗakin likita. Mace ce, ba ta wuce sa'ar Barira ba, Asama'u sunanta. Ta gaishe su da ladabi, ta sa ya hau gado, ta lanƙwasa ƙafar ta miƙar. Da ƙarar ta fito sai ta ɗan dakata. Ta ɗaga hoton ta saita shi da taga.

"Baba, ka san farin abin nan mai santsi da ke kan ƙashin kaza, wanda yara ke gurgura?"

"Guringuntsi."

"Shi. Kowane ƙashi a gwiwa yana sanye da shi kamar hula. Cikinsa da ruwa, in ka taka ya lotsa, in ka ɗaga ya dawo. A fuskarsa kuma akwai wani maiƙo siriri, bai kai kaurin ɓawon albasa ba, shi ke sa ƙashi ya zame a kan ɗan'uwansa ba ka ji ba. Dubi nan. Da lafiya ne, da ka ga fili tsakanin waɗannan biyun. Naka sun haɗe."

"To ai maiƙon muke ta zubawa, likita," in ji Dabo. Ya shiga lissafa mata, man shanu, ɓargo, kitsen rago, man kaɗe safe da yamma, yana yi yana ɗan alfahari, don a ganinsa ba a yi sakaci ba.

Ta ajiye hoton. "Tun yaushe?"

"Tun bara."

Ba ta yi dariya ba. Da ta yi ma, da abin ya zo wa Malam da sauƙi.

"Baba, wancan maiƙon gwiwa ce ke yin abinta da kanta. Na cokali ba ya zuwa can, na shafawa kuma a fata yake tsayawa. Wanda ka ci bai ɓata ba, yana jikinka, kuma gwiwar ce ke ɗaukarsa duk taku. Sannan kitse in ya yi yawa a jiki, shi kansa guringuntsin rauni yake yi, ya kasa jure nauyi, ya riƙa zaizayewa da wuri."

"Wato ƙara masa muka yi," in ji Malam.

"Ciwon dama zai ci gaba. Amma wannan bai taimaka ba."

Malam ya sunkuyar da kai. Ba gwiwar ce ta faɗo masa a rai ba, akuyar Hure ce, ranar da aka ja ta zuwa kasuwa tana tirjewa, da ƙaramar jikarsa da ya taɓa kamawa tana lasar ludayi a bayan ɗaki.

"Yana tsirowa?" ya tambaya.

"Ba ya tsirowa, Baba."

Ta ce akwai aikin da ake yi a Kano, a cire kan ƙashin a sa na ƙarfe. Da ta faɗi abin da ake kashewa, Dabo ya yi salati a hankali, bai ƙara tambaya ba. Ta ce ƙwayoyin kemis da yake sha su suka jawo masa zafin cikin da yake fama da shi, ya bar su, za ta rubuta masa mai sauƙi. Ya rage mai, ya rage nauyi, ya riƙe sanda, ya daina durƙuso.

"'Yata, ni ba warkewa na zo nema ba. A ba ni abin da zai riƙe ni zuwa girbi."

Ba ta gane ba, sai da Dabo ya yi mata bayanin limanci da gona. Ta juya biro a hannu.

"Akwai allurar da ake yi a cikin gwiwar, takan lafar da zafi na ɗan lokaci. Ba ma yin ta a nan, sai Kano, can ma layi ne. Kuma ba ta mayar da abin da ya tafi, ranar da ƙafar za ta ƙi tashi za ta ƙi. Baba, ka riƙa sallah a zaune. Ai ka fi ni sanin an yarda."

"An yarda," in ji Malam. "Ga mamu."

A bas ɗin dawowa an cusa su a kujerar baya, buhun wani a ƙarƙashin ƙafafunsu, gwiwoyin Malam a naɗe sun tokari kujerar gaba. Sai da suka bar gari sannan Dabo ya matso da bakinsa kusa da kunnen Malam.

"Ka ji abin da za a yi. Daga gobe zazzaɓi ya kama ka. Ka kwanta a ɗaki, Muntaka ya riƙe maka, ai aikin na'ibi ke nan. Ƙafar ta huta. Ranar girbi na zo na ɗauko ka da Asuba, raka'a biyu ce, ko da haƙori ka ja ta. Shi ke nan gero ya shiga rumbu."

"Da bakin da zan yi ƙaryar zan ja mutane sallah?"

"Kai ba za ka ce komai ba. Ni zan yi ƙaryar, dama na saba. Kai dai ka yi ta nishi."

"Dabo, Muntaka ma yana da iyali."

"Muntaka yana da ƙafa. Kai me kake da shi? Yaran Hadi za su ci hukunci ne?"

Malam ya juya yana kallon gonaki ta taga. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, kuma su biyun sun san me wannan shirun yake nufi. Ya ji kunyar kansa, amma a ƙarƙashin kunyar ya ji wani ɗan sanyi, irin na wanda aka sauke wa kaya.

Abin da ba su lissafa ba shi ne lokacin isarsu. Bas ta lalace a hanya, aka daɗe ana ƙwanƙwasa ta. Ko da ɗan acaɓa ya sauke su a ƙofar masallaci, an riga an kira La'asar, wani ya kira a madadin Dabo, jama'a sun gama alwala suna shiga. Kowa ya ga Liman ya sauka da ƙafarsa, ba alamar zazzaɓi. Muntaka, na'ibinsa, wani dogon mutum ramamme mai koyarwa a Islamiyya, har ya nufi gaba, da ya hango shi sai ya ja da baya.

"Sannu da hanya, Malam. Bisimilla."

Dabo ya kama hannun rigar Malam ya matse. Amma me zai ce? Ido ya yi yawa. Malam ya ce a ransa wannan ɗaya ce ta rage, gobe sai a kwanta. Ya yi alwala a tsaye yana dafe da bango, ya ratsa sahu ya hau buzunsa.

Raka'ar farko ta wuce. Ta biyu ya tashi da taimakon bango, gumi na bin bayansa. Zaman tahiya ne ya gama da shi. Ƙafar da ta wuni a naɗe a mota, da ya sake naɗe ta ya zauna a kai, sai ya ji kamar an zuba garwashi a ciki. Ya karanta tahiya da sauri. Ya yi kabbara don tashi zuwa ta uku, ya ji masallaci gaba ɗaya ya miƙe a bayansa, riguna na motsi. Ya dafa bango ya yunƙura. Gwiwar dama ta yi wata ƙara da sahun farko duka suka ji, ta kulle. Ya koma ƙasa. Ya kafa hannu biyu ya sake yunƙurawa, ya ɗago rabi, ya tsaya a haka, hannuwa a ƙasa, rawani ya zamo masa kan ido. Ba gaba, ba baya.

"Subhanallahi," in ji wani daga baya, a zatonsa mantuwa Liman ya yi.

Wani ma ya maimaita. Malam bai manta komai ba. Ya san raka'ar da ake, ya san abin da ya rage, ya kuma san abin da hukunci ya ce a yi, don ya sha faɗa wa ɗalibai. Ya saki jiki ya zauna. Ya miƙa hannu baya yana lalube har ya kama gefen rigar Muntaka, ya ja.

Muntaka ya matso gaba. Wurin ya yi kaɗan, don buzun yana manne da bango, sai da Malam ya ja gindi ya koma gefe. A nan ya ƙarasa sallarsa, ƙafafu a miƙe, yana bin muryar wani.

Bayan sallama ba wanda ya tashi. Dabo ne ya fara magana, da ƙarfi don kowa ya ji.

"Jiri ne. Tun a mota yake cewa jikinsa zafi, zazzaɓin damina ne. Kwana biyu ya warware."

Mai unguwa Muhammadu Sani, dattijo ne da ba ya son hayaniya, ya matso ya tsuguna a gaban Malam. Ya dubi ƙafafun da ke miƙe, wandon ya ɗan janye, kumburin a fili yana ƙyallin man kaɗe.

"Malam, ashe haka kake fama ba mu sani ba? Allah ya sa kaffara ne. An ce asibiti kuka je. Me suka ce?"

Dabo ya buɗe baki, mai unguwa ya ɗaga masa hannu. "Malam nake tambaya."

Da a zaure ne, ko a hanya, wataƙila da ya iya. Amma a nan, gefen buzun da ya shekara talatin da wani abu yana tsayawa a kai, da alwala a jikinsa, harshen ya ƙi. Ya dubi fuskokin. Tsohon nan mai yabon doguwar sujada ya kawar da kai. Muntaka ya sunkuya yana jan carbi, ba mugun mutum ba ne, bai taɓa neman wurin nan ba. Sai dai gidansa ma cike yake da yara, kuma Malam ya ga lokacin da idonsa ya kuɓuce masa ya leƙa taga, inda kan gero ke kaɗawa, ya yi maza ya dawo da shi.

"Guringuntsin ne ya cinye," in ji Malam. "Ta ce ba ya tsirowa."

Aka yi ta "Allah ya sawwaƙe," aka yi ta "sannu." Ba wanda ya ambaci gona, ba a bukatar ambato. Mutum biyu suka kama shi suka kai shi har zaure. Dabo ya biyo su a baya, ya ɗauko sandar daga bayan ƙyaure ya miƙa masa.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan da masallaci, labari ya riga shi shiga. Ya tarar da Hure a bakin murhu, ta ɗora ƙaramar tukunya, ƙashin da ta samo tun jiya yana tafasa. Ba ta juyo ba.

"Wahalar mota ce," ta ce. "Yanzu zan fasa maka wannan, in gasa ƙafar da ruwan zafi. Gobe ka ga ka miƙe."

"Hure, zo ki zauna."

"Bari ya nuna."

"Zo ki zauna."

Ta zo ta zauna a bakin tabarma, tana goge hannu da zani. Ya so ya ɓoye mata, wallahi ya so. Amma in ya ɓoye, gobe za ta nemi wani abin ta sayar, kuma ba abin da ya rage sai tukunyar da ke kan wuta. Ya faɗa mata yadda likita ta faɗa, a hankali, bai ƙara ba, ya dai rage inda aka ce man ya ƙara wa ciwon.

"Ba ya zuwa can?" ta ce.

"Ba ya zuwa."

"Ko kaɗan?"

Ya girgiza kai. Ta dubi tafukan hannunta, ta dubi yaran da ke wasa da ƙasa a gindin rumbu, rumbun da tun farkon damina kaji suka daina zagayawa. Ta daɗe tana kallonsu.

"Ni na hana su," ta ce. "Da hannuna. Ƙaramar nan har dukanta na yi a kan ludayi."

"Don ni kika yi."

"To ina amfanin?" Muryarta ta karye, ta sa bakin mayafi ta toshe baki don kada Barira ta ji daga ɗaki. Da ta samu kanta sai ta tambayi abin da tun shigowarsa take tsoron tambaya. "Gonar fa?"

"Gonar liman ce."

"Ai kai ne Liman."

Tukunya ta ci gaba da tafasa har ruwan ya fara zuba a wuta, ba wanda ya tashi ya sauke ta. Can Barira ta fito ta sauke, ta koma ɗaki ba ta dubi kowa ba.

Da rana ta faɗi Dabo ya kira Magariba. Muryar ba ta kai inda ta saba kaiwa ba. Hure ta ce ya yi sallarsa a gida, wa zai ga laifinsa yau? Malam ya ce tunda ya yi wayo bai taɓa jin kira yana gari ya zauna ba. Ya ɗauki sanda, wannan karon a gaban kowa, ya fita.

An yi masa tanadi. A ƙarshen sahun farko, jikin bangon kudu, an ajiye farar kujerar roba, irin ta gidan biki, har an goge ta. Daga gidan mai unguwa aka kawo. Mutane suka buɗa masa hanya zuwa gare ta da girmamawa, wani ya karɓi sandar, wani ya riƙe masa hannu har ya zauna. Kirki ne tsantsa, ba wanda ya yi don cin fuska, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo.

Dabo ya yi iƙama. Muntaka ya tsaya turus a wurinsa, ya juyo yana duban kujerar, jama'a ma suka juyo. Malam ya ɗaga masa hannu. Muntaka ya taka ya hau gaba, ya waiwayo ya dubi jama'a.

"A daidaita sahu, a haɗa kafaɗa."

Mutane suka dubi ƙafafunsu suna gyarawa. Wanda ke kusa da Malam, wani manomi da Malam ɗin ne ya raɗa masa suna, ya dubi layin yatsu, ya dubi ƙafafun kujerar da suka ɗan zarce gaba.

"Malam, yi haƙuri, ɗan ɗaga kaɗan."

Malam ya dafa hannun kujerar ya yunƙura, jikin ya ƙi. Sai manomin ya yafito na bayansa, suka kama kujerar su biyu, da shi a kai, suka ja ta baya har ta yi daidai da sahu. Sannan aka ta da kabbara.